Ma'anar “hark back to” da dalilin da ya sa ba ta maye gurbin “remember”

Tambaya: Malam, barka da aiki. An ɗora mini rubuta jawabin ban kwana da Turanci, zan karanta shi a walimar da za mu yi wa shugaban sashenmu da zai yi ritaya. Ina so jawabin ya yi nauyi. Wani abokin aikina ya ce in daina sa “remember”, wai ta 'yan firamare ce, in sa “hark back”, ita ce ta manya. Sai na rubuta: “I hark back the day he employed me.” Daidai ne? Mece ce ainihin ma'anar wannan kalma, kuma a ina ake amfani da ita?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Jimlar ba ta yi ba, kuma matsalarta hawa biyu ce. Ta farko ta nahawu ce, gyaranta ba wuya: ka bar “to”, alhali “hark back” ba ta kaiwa ga abin da ake tunawa sai ta bi ta kan “to”. Ta biyu ita ce babba. Ko ka mayar da “to” ɗin mazauninsa, wanda ya tashi da Turanci a bakinsa in ya ji mutum ya miƙe a gaban taro ya ce “I hark back to the day he employed me”, zai ji abin banbarakwai. Ba zai ce an karya doka ba, amma zai gane an ɗauko kalma daga ƙamus an dasa ta inda ba gurbinta ba. Abokin aikinka ya yi gaskiya ta fuska ɗaya: kalmar ta rubutun manya ce, a jaridu da littattafan tarihi da sharhin masana ake yawan cin karo da ita. Inda ya kauce shi ne zaton da ya yi cewa ita ce “remember” da ta sa babbar riga. Aikinsu daban ne.

Tunda walima na matsowa, ga abin da za ka rubuta kafin mu shiga dogon bayani: “I still remember the day he employed me”, ko kuwa, in kana son ƙarin nauyi, “I vividly recall the day he employed me.” In kuma shekarun da kuka yi tare kake so ka waiwaya gaba ɗayansu, sai ka ce “When I look back on the years we worked together…” ka ɗora abin da za ka faɗa. Duk ukun sun dace da taro irin wannan.

“Hark back” tana cikin rukunin da masu nahawun Turanci ke kira “phrasal verbs”, wato aikatau da ake liƙa masa wani ɗan harafi kamar “up” ko “back” ko “on”, sai ma'ana ta tashi daga inda take ta koma wani wuri. Mu ma muna da irin wannan a Hausa, ba mu dai cika lura ba ne. “Ji” aikin kunne ne, amma in aka ce “yana ji da motar nan” babu ruwan kunne a ciki. “Yi” aiki ne, amma “suna yi da shi” gulma ce. Baƙon da ya koyi “ji” da “yi” daga littafi ba zai canki waɗannan ma'anoni ba sai ya zauna da mutane. Haka Turanci yake, sai dai nasu ya fi namu yawa nesa ba kusa ba. Tun a 1755 Samuel Johnson ya faɗa a gabatarwar ƙamusunsa cewa irin wannan haɗi shi ya fi ba baƙi wahala a harshen Ingilishi, kuma har yau maganarsa tana nan daram.

Ita “hark” ɗin tsohuwar kalma ce, ma'anarta “saurara” ko “kasa kunne”. Dangin “hear” ce, tana kuma da 'yar'uwa a Jamusanci, “horchen”, mai wannan ma'anar. A yau babu Baturen da zai ce wa ɗansa “hark” yana nufin ya saurara. Ta bar bakin mutane, sai dai a same ta a tsofaffin waƙoƙin coci da wasannin kwaikwayo na da. Wuri biyu ta rage da sauran numfashi. Ɗaya wata 'yar maganar ba'a ce da mutanen Ingila ke yi, “Hark at him!”, wadda ta zo daidai da namu “Ji shi fa!” in mutum ya cika baki, ko ya zargi wani da laifin da shi ma yake yi. Ɗayan shi ne “hark back”.

To me ya haɗa sauraro da tuna baya? Farauta ce ta haɗa su. Masu hali na karkarar Ingila sun daɗe suna farautar dabbar nan mai kama da dila da suke kira “fox”, wato yanyawa, suna bisa dawakai, garken karnuka na gaba. Karnukan da hanci suke bin dabbar, ba da ido ba. Yakan faru su zo a guje su zarce inda ta karkata, warin ya ɓace musu, su tsaya suna ta dawurwura. A nan sai jagoran farautar ya ƙwala musu kira su juyo, su bi sawunsu baya har wurin da suka ji warin na ƙarshe, su sake ɗauko shi daga can. Kiran da yake yi shi ne “Hark back!”, wato ku saurara, ku dawo baya. Akwai abokan wannan kira, “hark forward” da “hark away”, na ingiza karnuka gaba, amma su ba su fito daga dawa sun shigo gari ba. Wanda ya taɓa bin mafarautanmu da rani ya ga irin abin da idonsa: kare ya rasa sawun zomo, ya yi ta kewaye hanci a ƙasa, can sai ya juya ya koma inda ya baro. A farkon ƙarni na 19 aka fara ganin kalmar a rubuce da wannan ma'ana, ba a daɗe ba marubuta suka are ta suka kai ta fagen zance da tunani. Ita farautar da karnuka an hana ta a Ingila da Wales da dokar 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, amma kafin nan kalmar ta riga ta yi nisa da dawa.

Ka riƙe wannan hoto, don duk ma'anonin kalmar daga gare shi suka fito: ana kan tafiya gaba, an baro wani wuri a baya, sai a juya a koma masa. “Remember” ba ta da wannan tafiya a cikinta. Abu yakan faɗo maka a rai ba ka neme shi ba, ka ce “I remember”. “Hark back” kuwa juyawa ce da komawa.

Ma'anar da ta fi kusa da ta farauta ita ce komawa kan batun da aka wuce a cikin zance. Ana taro, an gama maganar kasafin kuɗi an shiga ta motocin ofis, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, “If I may hark back to what the chairman said about the budget…”, wato in an ba ni dama zan koma kan abin da shugaba ya faɗa ɗazu game da kasafi. Wannan kusan shi ne wuri ɗaya da mutum zai faɗe ta a kan kansa ba wanda ya ji wani iri. Ko a nan ma yawancin mutane “go back to” ko “return to” za su ce.

Ta biyu ita ce wadda abokin aikinka ya hango daga nesa: mutum ya riƙa tuna wani zamani da ya wuce yana zancensa. Ga misali: “My uncle is always harking back to the days of the Native Authority.” Da Hausa sai mu ce, kawuna ba shi da zance sai na zamanin En'e. Dubi “always” ɗin nan, ka kuma dubi siffar “harking”. Ba banza suke yawan tafiya da kalmar ba. Mai faɗin jimlar ba yabon kawu yake yi ba, ɗan ƙorafi ne a ciki: an gaji da jin yadda ake tsoron dogarai da yadda buhun gero yake da araha. Bahaushe ya riga ya yi wa irin wannan hali karin magana, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wannan ɗanɗanon ne “hark back” ke ɗauke da shi in mutum ne aikau, wato mai yin aikin a jimla. Shi ya sa 'yan siyasa da masu sharhi ke son ta. Lokacin ƙuri'ar raba gardama ta 2016 a Birtaniya kan ficewa daga Tarayyar Turai, an yi ta zargin masu son ficewa da “harking back to” zamanin da daularsu ke mulkin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duniya. Ko zargin ya yi daidai ko bai yi ba, wannan wata magana ce daban. Abin lura shi ne abokan hamayya ne ke jifan su da kalmar. Su da bakinsu ba za su hau mumbari su ce “we hark back” ba. Ba a kullum take ɗauke da suka ba, masanin tarihi yakan rubuta ta ba yabo ba fallasa, amma ƙamshin sukar yana kusa, kuma kai da kake jawabin girmamawa ba ka buƙatarsa.

Akwai wani abu na nahawu a nan da ba a cika koyarwa ba, kuma shi ne ya ƙara ɓata jimlarka. “Remember” aikatau ne na hali, kamar “know” da “love”. In ka ce “I remember”, kana nufin yanzu haka ina tune. “Hark back” kuwa aikatau ne na aiki, kamar “walk” da “eat”, kuma irin waɗannan in aka sa su a wannan siga al'ada suke nunawa. “I walk to the office” ba ya nufin ina tafiya yanzu, yana nufin nakan tafi da ƙafa. Saboda haka “I hark back to the day he employed me” a kunnen mai harshen kamar ka ce ne: ni dai al'adata ce, kullum sai na koma kan zancen ranar da ya ɗauke ni aiki. Ka ga ba abin da kake nufi ke nan ba.

Ma'ana ta uku ita ce ta fi yawa a rubutun yau, kuma a cikinta babu mai tunawa ko kaɗan. Aikau ba mutum ba ne, abu ne: gini, tufa, salon waƙa, manufar gwamnati, taken kamfe. Sabon abu ne da ya ɗauko kamannin tsoho, har wanda ya gan shi ya tuna da na da. A Janairun 2022 aka jera buhunan shinkafa aka yi dala da su a Abuja, Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar. Duk Bakanon da ya ga hoton ya san daga ina aka kwaikwayo. Ɗan jarida zai rubuta: “The rice pyramids hark back to the groundnut pyramids of Kano.” Buhunan shinkafa ba su da ƙwaƙwalwar tuna komai, amma siffarsu tana mayar da mai kallo ga dalar gyaɗa ta shekarun 1950 da 1960. Haka taken da Donald Trump ya yi kamfe da shi a 2016, “Make America Great Again”: Ronald Reagan ya yi amfani da kusan irinsa a 1980, da “Let's” a gabansa. Sai a ce “The slogan harks back to Reagan's 1980 campaign.” A nan ma kalmar ta yi aiki biyu a lokaci ɗaya, don taken ya yi kama da na Reagan, sannan abin da yake faɗa shi kansa kewar wani zamani ne da ya wuce. Misali na uku ginin majalisar dokokin Birtaniya ne a Landan. Wanda ya gan shi da hasumiyoyinsa da tagoginsa masu tsini zai rantse ya shekara ɗari bakwai. Alhali gobara ce ta cinye tsohon a 1834, Charles Barry da Augustus Pugin suka tsara sabo, suka ba shi salon manyan coci-coci na tsakiyar zamani da gangan. “The building harks back to the Middle Ages.”

Mai jin Hausa yana da wata hanya mai sauƙi ta raba waɗannan biyun. Muna cewa “na tuna da shi”, muna kuma cewa “ya tuna mini da shi”. Kalma ɗaya ce, “tuna”, amma a ta farko ni ne mai tunawa, a ta biyu wani abu ne ya sa ni. Turanci ya raba su gida biyu, “remember” da “remind”, kuma wannan ne dalilin da ya sa ɗalibanmu ke rubuta “he remembered me of my promise” maimakon “he reminded me”. To “hark back” tana taka gidajen biyu. In mutum ne aikau, tana wajen “tuna da”. In abu ne, tana wajen “tuna wa”. Mai fassara labarai ya kula da wannan, don in ya ga “the policy harks back to the 1970s” ya rubuta “manufar ta tuna da shekarun 1970” ya yi aika-aika. Abin da zai ce shi ne manufar ta yi kama da ta shekarun 1970, ko an ɗauko ta daga salon wancan lokaci.

Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai, har da na masu digiri, shi ne cakuɗa ta da “date back to”. Gidan Rumfa a Kano an gina shi zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. In kana son faɗin haka, “Gidan Rumfa dates back to the fifteenth century” za ka ce, don gidan ne da kansa ya faro tun lokacin. Amma in wani attajiri ya gina sabon gida bana ya sa masa zankwaye da zanen dagi a bango, sai ka ce “The design harks back to the old palaces of Kano.” “Date back” ana faɗin shekarun abu ne. “Hark back” sai da abu biyu, sabo da tsoho, da tazara a tsakaninsu. In ka ce Gidan Rumfa “harks back to” ƙarni na 15, ka mayar da shi kwaikwayo ke nan. Gaskiya ne za ka ga wasu 'yan jarida, har a Amurka, suna sa “hark back” a gurbin “date back”, amma edita mai tsantseni zai goge, kuma mai duba jarrabawa ba zai ba ka maki ba.

Haka kuma ba ta nufin dawo da tsohon abu kacokan. A Mayun 2024 Najeriya ta koma ga taken ƙasar da ta yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Wannan “reverted to” ne, ko “restored”, don shi ɗin ne dai aka dawo da shi. Da sabon take aka rubuta mai amo irin na tsohon, a nan ne “harks back to” za ta shigo.

Dokokin amfani da ita ba su da yawa. Ba ta ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kai tsaye, dole sai da “to”. Ba a raba ta, ba a cewa “hark it back” ko “hark the day back”. Shuɗaɗɗen lokacinta “harked” ne, babu wani sauyi na ban mamaki. Bayan “to” sunan abu ke zuwa, ko ganga, wato sashen jimla, mai farawa da “when” ko “how”, kamar “harking back to when petrol was cheap”, amma ba a cewa “hark back that…” yadda ake cewa “remember that…”. Ba a amfani da ita wajen tuna lambar waya, ko sunan wani, ko abin da aka haddace don jarrabawa. Ba a kuma amfani da ita wajen tuna abin da za a yi nan gaba: “remember to lock the door” ba ta da madadi a nan. Kuma in ban da ma'anar komawa kan zance, tana son tazara mai tsawo, zamani ko salo ko al'ada. Abincin da aka ci jiya bai kai ba.

Bari in ce wani abu kan zancen nan na kalmar manya da ta yara, don yana cutar da rubutun mutanenmu sosai. Bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, fada da kotu da coci suka cika da kalmomin Faransanci da Latin, talakawa kuma suka ci gaba da nasu gajerun kalmomi. Daga nan Turanci ya sami tagwaye masu yawa: “put off” da “postpone”, “find out” da “discover”, “give up” da “surrender”. A wasiƙar ofis akan fi son na biyun, shi ya sa malamai ke cewa a rage “phrasal verbs” a rubutun hukuma. Dokar tana da amfani, amma tana da togaciya, irin su “abide by” da “set forth” da “dispense with”, da ita “hark back” ɗin, waɗanda tsufansu ya ba su kwarjini. Abin dariyar shi ne, in asali za a bi, “remember” ce 'yar fada. Daga tsohon Faransanci ta shigo, tushenta Latin. “Hark” kuwa ta mutanen ƙasa ce, da ita ake kiran karnuka. Sannan a duk shekara cikin Nuwamba, lokacin da Birtaniya ke juyayin sojojinta da suka mutu a yaƙi, ana karanta baitin da Laurence Binyon ya rubuta a 1914, wanda ya ƙare da “We will remember them.” Taron da sarki da firaminista ke tsayuwa kai a sunkuye bai raina “remember” ba, balle walimar ofis.

In dai ana son wata kalma ta tuna baya mai ɗan nauyi, akwai su da dama, kowace da inda ta fi dacewa. “Look back on” ita ce waiwayen nan da muke cewa adon tafiya: mutum ya tsaya ya dubi tsawon abin da ya wuce ya auna shi, shi ya sa ta dace da ritaya da bikin cika shekaru. “Recall” ta fi “remember” kama da harshen hukuma, ita shaida ke faɗa a kotu in yana son zillewa, “I do not recall”. Kada dai a ƙara mata “back”, don “recall back” ɗan'uwan “return back” ne da “reverse back” da muke fama da su a nan gida. “Reminisce about” hira ce ta tsofaffin abokai da suka haɗu suna tuna makarantar kwana suna dariya, daɗi ne zalla a cikinta. “Cast your mind back to” lauya ne ke faɗa wa shaida, ko mai jawabi ga masu sauraro, yana roƙon su koma wata rana da tunaninsu.

Wadda na fi so a cikinsu ita ce “summon up”, kuma Bahaushe ya riga ya san ta bai sani ba, don “sammaci” da alƙali ke aikawa daga “summons” muka aro shi. “Summon up a memory” kamar ka aika wa abin da ya wuce sammaci ne ya bayyana a gabanka, da ƙoƙari, da niyya. Shakespeare ya gane wannan sarai. A waƙarsa ta 30 cikin jerin gajerun waƙoƙin da aka buga a 1609, ya mayar da zaman shiru na tunani zaman kotu, ya ce “I summon up remembrance of things past”. Ita kam tana ɗaukar karɓau, ana kuma raba ta, “summon it up”. Da ita ake cewa “summon up courage”, mutum ya tattaro ƙarfin hali. Kusa da ita akwai “conjure up”, daga aikin mai tsafi da ke kiran abin da ba ya nan ya bayyana, galibi ƙamshi ko sauti ko suna ne ke yin aikin: “The smell of rain on dry earth conjures up my childhood.” Ta ƙarshe ita ce “dredge up”, daga yasar kogi, a tono laka daga ƙasa. Wannan tonon silili ne, tsohuwar rigima ko abin kunya da an so a manta. Kada ta kusanci jawabin ban kwana.

Za ka kuma ci karo da “hearken back” da “harken back”, musamman a rubutun Amurkawa. Ma'anarsu ɗaya da “hark back”. “Hearken” wata tsohuwar kalma ce ta sauraro daga tushe guda, daga baya mutane suka haɗa ta da “back” saboda kamannin sauti. Ƙamusoshin Amurka sun karɓe su, amma “hark back” ce ta asali, kuma tunda Turancin makarantunmu da na WAEC ya fi bin na Birtaniya, ita zan ce ka riƙe. Wadda ba 'yar gidan ba ce ko kaɗan ita ce “harp on”. Wannan daga kayan kiɗan nan mai tsirkiya da yawa take, mai kiɗa ya maƙale wa tsirkiya ɗaya yana ta kaɗawa, ma'anarta mita da nanata magana har a gundura. Saboda dukansu suna da ɗanɗanon maimaici, sai wasu su haɗa su su ce “harp back to”. Masu gyaran rubutu suna ɗaukar wannan kuskure.

Saura furuci, kuma a nan Hausa tana taimakonmu, tunda mun saba bambanta dogon wasali da gajere. A bakin mutumin Landan “r” ɗin ba ya fita, wasalin ne ke tsawo: “haak”. Ba'amurke kuma yana furta “r” ɗin. Ko wanne ka bi ya yi, muddin ba ka gajarta wasalin ba. In ka gajarta, “hack” ta fito, kuma “hack back” kalma ce mai zaman kanta: mai lambu yana yin ta in ya sassabe reshen da ya yi yawa, masu tsaron kwamfuta kuma suna faɗin ta in kamfani ya rama kutsen da aka yi masa da wani kutsen.